Bangon da Ya Yi Ciki a Morrisania

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya shigo shagona a Sabon Gari, ko da karyayyar ƙafar kujera ce ta kawo shi, sai ya ɗare kan bencin aiki ya ce, "To Ishaku, yaya Amurka?" In na fara ba shi labari wani ya shigo, a ce in koma farko. Akwai kabad ɗin wata malama da na yi alkawarin gamawa kafin Kirsimeti, har yau ƙofa ɗaya gare shi. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta, ni kuma a bar ni in yi aiki.

Sai dai mai jiran labarin dogayen benaye zai sha haushi. Wata uku da 'yan kwanaki na yi a New York, mafi yawansu kuma a barandar wani tsohon gidan katako na yi su, da ƙusa a bakina.

Abin ya faro ne daga wani kaset da ƙanena Bulus ya aiko. Bulus yana aikin haɗa magani a wani asibiti a can, matarsa Saratu kuma nas ce. Shi ya tafi da mahaifinmu don a yi masa aikin ido. Waɗanda suka san Baba, wato Malam Dauda kafinta na Wusasa, sun san shekara shida ke nan yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ba ya ganin komai sai bambancin rana da inuwa. Sun kuma san halinsa. Shi ya koya mini aiki, kuma tun ina riƙe masa ƙusa har na buɗe shagona ban taɓa ce masa a'a ba, don ban ga wanda ya ce ya kwana lafiya ba.

Likitoci sun ce ba za su taɓa idon ba sai sukarin jininsa ya sauka, suka sa rana cikin Nuwamba. Matsalar ita ce wurin kwana. Ɗakunan gidan Bulus duk a sama suke, matakalar ta taɓa kayar da Baba, sai aka shimfiɗa masa a falo. Falon nan kuwa shi ne hanyar kicin, shi ne hanyar fita, ga Saratu da sammakon zuwa aiki. Don kada surukarsa ta same shi a kwance, Baba yakan riga kowa tashi, ya sa riga da hula, ya zauna ƙyam kamar mai jiran mota. Bayan wata huɗu ya ce ya gaji. Ko a ba shi ɗaki mai ƙofa, ko a mai da shi gida, abin da ya gani a duniya ya ishe shi.

Bulus ya ce akwai baranda ta baya mai rufi da ginshiƙai, an kewaye ta da ragar sauro, zai kira ma'aikata su rufe ta da katako ta zama ɗaki. Daidai nan sai na jiyo muryar Baba daga nesa cikin kaset ɗin: "Ka gaya masa ban haifi kafinta don in kwana a ɗakin da baƙo ya buga ba. In Ishaku ya zo ya yi, zan zauna. In bai gama ba ranar da zai koma, jirgi ɗaya za mu shiga." Bulus ya yi ajiyar zuciya har kaset ya ɗauka, ya ce, "Yaya, ka dai ji."

Na bi mota zuwa Legas neman biza. Taya ta fashe mana sau biyu, kuma tun daga Mokwa wani mai sayar da maganin basir ya tsaya a kaina yana wa'azi har Ibadan. A layin ofishin jakadanci duk wanda ya ji sana'ata sai ya girgiza kai. Wani lauya mai kwat ya ce in ajiye kuɗin motar komawa, don ko shi sau biyu ana hana shi.

Baturen da ke bayan gilashi ya duba takardar likitan Baba, ya tambayi abin da zai dawo da ni. Na ce mata da 'ya'ya huɗu da shago. Bai nuna ya ji ba. Idonsa yana kan hannuna na hagu, inda zarto ya rage mini ɗan yatsa tun ina saurayi. Ya ce me ya same shi, na gaya masa. Sai ya ɗaga nasa babban yatsan, ga shi naɗe da bandeji, wai kanta yake son kafawa a gida guduma ta kauce. Na ce, "Yallaɓai, ka riƙe ƙusar daga sama kusa da kanta, ka fara da ɗan bugu biyu, sannan ka janye hannu." Ya gwada da biro a kan tebur, ya yi dariya, ya buga hatimi. Lauyan nan kuwa an hana shi a karo na uku, ni na ba shi haƙuri a bakin ƙofa.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa, illa dai sun ba mu ganye ɗanye da ɗan man shanu a takarda, na zauna jiran miya har aka kwashe farantin. A filin jirgin New York ne aka yi ta. Ina cikin layi wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata ya ƙi tashi. Na ce kai, har karnukan ƙasar nan sun iya karɓar baƙo. Ashe ma'aikaci ne, ƙarata ya kai. Aka buɗe jaka. Wata ma'aikaciya ta kwance ƙullin daddawa ta ja da baya taku uku, ta ce mene ne ya mutu a ciki. Na ce ba abin da ya mutu, na miya ne. Ta kira wani, shi ma ya kira wani, suka shinshina bi da bi, a ƙarshe suka bar mini ita, ina jin don ba mai son ta kwana a ofishinsa. Kilishi kuwa suka ce nama ba ya shiga. Na roƙe su su ɗanɗana kafin su zubar, ko don alhakin mai yinsa, suka ƙi. Sai ga tsohuwar gudumar Baba a ƙasan jaka. Matar ta juya ta, ta ce an gaya mini babu guduma a Amurka ne? Na ce akwai, amma mai wannan ba ya yarda da ta wani.

Bulus ya kai ni unguwarsu, Morrisania. Na tarar da Baba a falo da hularsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya laluba kafaɗata ya ce, "Ashe sun ba ka bizar." A lokacin na ɗauka murna ce ta shaƙe masa murya.

A barandar da zan rufe aka shimfiɗa mini, don watan Agusta ne, zafi kamar na Afrilu a gida. Abinci ban sha wahala ba. Saratu tana tuƙa tuwo da wani garin da Turawa ke dama wa kansu koko da safe, ta ƙara garin dankali, in an zuba miyar kuka ba ka cewa komai. Abin da ya fi ƙarfina shi ne mutanen da ke cin abinci suna tafiya, kofi a hannu, burodi a baki, kamar ana kora su. Gaisuwa kuma sai a hankali. Akwai wata tsohuwa maƙwabciya da nakan gaisar kowace safiya ta kan shinge, in tambayi kwana, in tambayi gajiya, in tambayi iyali. A rana ta huɗu ta tare Bulus ta ce ya gaya mata gaskiya, me yayansa yake sayarwa.

Mutum ɗaya ne yake amsa gaisuwa har ya ƙara da tasa, Alhaji Tanko, mutumin Zangon Kumasi, direban tasi. Danginsa suna unguwar Concourse Village, amma shi gidan da ke jikin namu yake haya. Kullum in ya dawo aikin safe sai ya shigo su yi hira da Baba, ya ɓare masa goro. Shi ya kai ni kantin katako.

Jama'a, na ga katako. Rumfa ɗaya ta fi layin 'yan timba na Sabon Gari gaba ɗaya, kowane falanki a bushe, a miƙe, ba wanda za ka ɗaga ka rufe ido ɗaya kana duba karkacewarsa. Wata ƙatuwar Baturiya mai fensir a bayan kunne ta karɓi awon da na rubuta, ta nuna mini allunan da ake rufe bangon waje da su. Kowanne ƙafa huɗu ne da takwas. Fuska ɗaya sumul, ɗaya kuma kaushi gare ta, da tsaga-tsaga daga sama har ƙasa. Ta ce mai kaushin ce ke kallon waje. Ta ce in fara shimfiɗa baƙar takarda mai kwalta a jikin firam, wato katakan da za su riƙe bangon, in shafe bakin kowane allo da fenti kafin in kafa, kada in bar ƙasansa ya kusanci ƙasa da inci shida. Sannan ta ɗauko ƙusa guda ta sa mini a tafin hannu, ta ce duk inda allo biyu suka haɗu in bar rata daidai kaurin ƙusar nan, don katako yana sha ruwa ya kumbura. Na ce na sani, mu ma muna da damina. Ta ce kowa haka yake cewa.

Bulus ya riga ya samo takardar izini daga hukuma, don a can ko gidanka ne ba ka buga masa bango sai an yarda. Ya manna ta a taga ya tafi aikinsa. Na cire raga, na fara kafa firam tsakanin ginshiƙai, na fitar da gurbin taga biyu da na ƙofa. A rana ta biyu Baba ya sa aka fito masa da kujera tsakiyar baranda, ya ɗora gudumarsa a cinya, ya ce ai ba za a yi aiki ba shugaba.

Da fari ya ce bai yarda da tef ɗin Amurka ba, sai na sake awo da zare da taƙinsa. Kwana uku muka yi, awo ya fito daidai da na farko. Sannan ya ce ƙusoshin sun yi haske a hannu, a canza. Aka canza, ya ce na farkon sun fi. Audugar nan mai ƙaiƙayi da ake cusawa cikin bango don sanyi, ya ce ba zai kwana da abin da bai san sunan bishiyarsa ba, sai da Alhaji ya rantse masa a gidansa ma akwai. Ranar da aka kawo allunan ya shafa fuskar mai kaushi ya ce, "An cuce ku. Wannan ba a gama shi ba. Juya mai sulɓin waje, kada mutane su ce ɗan Dauda bai san gaba da baya ba."

Na ce, "Baba, matar kantin ta ce..."

"Matar kantin ce ta koya maka aiki?"

Na juya su. Na kafa uku a haka, da tambarin kamfani da lambobi baƙaƙe suna kallon titi. Tsohuwar maƙwabciya ta fito da kujerarta ta zauna kallo. Saratu ce ta cece ni da ta dawo. Ta durƙusa ta ce, "Baba, gaskiyarka ne, mai sulɓin ya fi kyau. Sai dai a takardar hukuma mai kaushin aka rubuta, in suka zo suka ga haka, Bulus za su kama." Baba ya ce shi ba ya ja da hukuma. Na cire su a hankali don kada su fashe, kwana biyu suka tafi.

Sai maganar rata. Na kafa allo na farko, na jingina na biyu, na zura ƙusar matar nan a tsakani. Baba ya taso ya bi haɗin da yatsa. Ya ce, "Wannan ramin fa? Na kyankyasai ne ko na iska?" Na yi bayani. Ya ce kafintan da ya bar rata tsakanin katako biyu bai cancanci a ba shi ruwa ba, in matse su har reza ta kasa shiga. Fentin baki kuma ɓarnar lokaci ne, wa zai gani?

A nan ne ya kamata ku zage ni, kuma na yarda. Na san ba daidai ba ne. Shekara ashirin da biyar ina rage ƙofofin da suka ƙi rufuwa a watan Agusta. Amma ga ubana a tsaye, makaho, hannunsa a kan aikina, ga Alhaji yana ji. In na ce masa ya yi kuskure, na nuna ke nan idon ya tafi da iliminsa. Na ce a raina wataƙila katakon Turawa ya fi namu haƙuri. Na matse su da dukan ƙarfina, bango uku, Baba yana bi da yatsa yana cewa ƙara.

Muka gama rufe waje a ƙarshen Satumba. Ranar Asabar Alhaji ya kai ni 125th Street in sayi rigar sanyi, don safiya ta fara cizo. A bakin titin nan za ka rantse kasuwar Kurmi ce aka ɗauko: turare, kaset, hula, jakunkuna, kowa da teburinsa. Wani mutumin Maraɗi ya ji Hausata ya rungume ni kamar uwa ɗaya ta haife mu, yana ta "Patron, patron," wato maigida, ya sa mini wata kwat da hannunta ya wuce yatsuna. Na ce ta yi yawa. Ya ce sanyin garin nan sai mutum ya sa riga huɗu a ciki, zan cika ta. Muna cikin haka hadari ya haɗo.

Kwana uku ana ruwa da iska. Ranar Talata da safe rana ta fito, na zagaya in duba aikina. Na tarar Alhaji da tsohuwar maƙwabciya sun riga ni. Allunan sun sha ruwa ta baki, sun nemi wurin miƙewa sun rasa, sai kowanne ya turo tsakiyarsa waje. Ƙusoshi sun ɗago kai, haɗin kusa da taga ya tsage.

Alhaji ya ce, "Ei, Masta! Bangon ya yi ciki pa. Wata nawa ne?"

Ban yi dariya ba. Saura mako uku jirgina ya tashi, ga rufin ciki ban fara ba. Da na gaya wa Baba sai ya girgiza kai ya ce katakon ƙasar nan ba shi da tarbiyya, ba laifina ba ne, Allah bai nufa ba. Ya ce wa Bulus ya fara neman tikiti. Bulus ya fita waje ya tsaya kusa da mota ya daɗe. Da na same shi ya ce, "Yaya, likita ya ce idon dama in aka ƙara shekara ba lalle ya gyaru ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Na roƙi Alhaji ya mai da ni kantin katako. Baturiyar ta saurari abin da ya faru, ta ɗauko wata ƙusar ta sa mini a hannu, ta rufe yatsuna a kai. A hanyar dawowa Alhaji yana tuƙi yana ba ni haƙuri irin nasa. Ya ce, "Masta, kar ka damu. Amma tsohonka ya san aiki pa! Tun ranar da kake bugawa, ka je shan ruwa, ya ce mini, Alhaji, ka jira ruwan farko, bangon nan sai ya turo kamar tulu. Har wajen tagar da zai tsage ya nuna mini. Ido babu, amma ya gani!"

Na ce, "Shi ya faɗa maka haka?"

"Wallahi. Yana dariya ma."

Sai komai ya dawo mini, zaren awo, ƙusoshi, allunan da aka juya, har muryarsa ranar da na iso. Mutumin nan ya gindaya sharaɗin zuwana ne don ya tabbata ba mai ba kafinta biza. Da na zo, sai ya ɗauki ilimin shekara hamsin ya yi ta rushe ɗakin da hannuna.

Na sami Baba da la'asar a kujerarsa cikin barandar. Na zauna a ƙasa gabansa. Gabana yana faɗuwa kamar ranar da na karya masa zarto ina yaro. Na ce, "Baba, wa ya koya mini in rage ƙofa kaurin kwabo saboda damina?"

Ya gyara zama. Can ya ce, "Alhaji baki gare shi."

"Me ya sa, Baba?"

Ya juya gudumar a cinyarsa sau biyu ko uku. Ya ce, "Wuƙa za su sa mini a ido. Sai sun sa ni barci, ni kuma da sukari. In ban tashi ba fa? Alhaji ya ce ƙasar nan in sanyi ya kama ta, sai da inji ake haƙa kabari. Uwarku tana kwance a maƙabartar Wusasa ita kaɗai, na bar wuri kusa da ita. Bulus yaron kirki ne, amma Bulus ya zama ɗan nan, zai ce ai ko'ina ƙasar Allah ce. Kai kuma kana gama ɗakin za ka hau jirgi." Ya share bakinsa da gefen riga. "Gara in koma ina lalube, in dai na san inda zan kwanta."

Duk fushin da na taho da shi daga mota ya bi iska. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ce yana tsoron wani abu ba, ban ma san yana da wurin ajiye tsoro ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Baba, ba zan koma ba sai an buɗe idon nan, gobe Bulus zai ɗaga tikitina. Ina nan a bakin ƙofa ranar aikin. In kuma abin da kake tsoro ya faru, ai kafinta ka haifa. Ni zan buga akwatin da hannuna, ni zan zauna kusa da shi a jirgi har Wusasa."

Ya ɗan karkato kai. Ya ce, "Da wane katako?"

"Wanda kake so."

"Ban da wannan mai kaushin."

"To, Baba."

"Kuma a can ba na son rata."

Na fashe da dariya, hawaye na zuba, shi ma kafaɗunsa suna rawa. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni ƙusar matar nan."

In kun ga aikin da muka yi bayan nan, sai ku ce ba mutumin ba ne. Na ciro allunan, huɗu suka mutu, sauran muka jera su a inuwa suka koma daidai. Baba ya ce fenti ɗaya a baki bai isa ba, sai biyu, musamman ƙasa inda ruwa ke fantsama. Ni ina riƙe allo, shi yana bin haɗin da ƙusa daga sama har ƙasa, in ta wuce ba matsi ba sakwa-sakwa ya ce, "Buga." Ya ji da tafin hannu cewa saman taga zai tara ruwa, ya sa na lanƙwasa ɗan kwano na zura ƙarƙashin allon, abin da ko Baturiyar ta manta ta gaya mini. Kwana huɗu muka rufe waje, mako guda muka gama ciki. Safiyar farko da ya kwana a ɗakin, Saratu ta wuce aiki, Bulus ya wuce, ƙarfe tara ta yi muna jin minsharinsa ta bayan ƙofa.

Masu tambaya ko bangon ya tsaya, ya tsaya. An yi ruwa, an yi ƙanƙara kafin in taho, ko motsi bai yi ba. Baba yana can, sai bayan Ista za a yi ɗaya idon. Kwat ɗin mutumin Maraɗi kuwa gaskiyarsa, na cika ta.

Saura abu ɗaya, wanda in na zo kansa a shago nakan ce ku tafi ina da aiki.

An yi aikin idon ranar Alhamis, ya farka lafiya. Washegari muka koma a cire bandeji. Bulus da Saratu suna tsaye kusa da likita, ni ina can gefe riƙe da hularsa da sandarsa. Aka cire. Ya yi ta ƙifta ido, ruwa na zuba. Ya dubi Bulus ya ce ya yi ƙiba. Ya dubi Saratu, ya yi maza ya kawar da kai. Sannan ya juyo wajena, ya ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwar da ake yi wa sa'a, ya ce wa Bulus a hankali, "Wane ne wannan dattijon da ya riƙe mini hula?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya san muryar. Ya ce, "Yaushe ka yi furfura haka, ba wanda ya gaya mini?"

Na matso in ba shi hular, don in sami abin yi da hannuna. Ya ɗaga yatsa. Ya ce, "A'a. Koma can wajen taga, inda haske yake. Kada ka motsa."

Likita yana da wasu marasa lafiya a layi, amma ya tsaya ya jira. Na koma wajen taga na tsaya.